Daƙiƙa Uku Na Munik: Magana A Kan Gyaran Kuskure

Ba wanda ya ke musun cewa ɗan Adam ajizi ne. Malami ya kan yi kuskure a lissafi, mai awo ya kan yi kuskure a mudu, alƙali ma da ya ke zaune don raba gardama wata rana ya kan karkace ba da nufinsa ba. Wannan duk mun sani. Abin da mutane ba su cika tsayawa su yi tunani a kansa ba shi ne abin da ya kamata a yi bayan an gane an yi kuskuren. Da yawa za su ce, "Ai wannan ba abin tambaya ba ne, a gyara mana!" To, a gyara ɗin ne. Amma wa zai gyara, da wace hujja, kuma yaushe? In kuwa abin da aka ɓata lokaci ne, yaya a ke mayar wa mutum da shi? Wanda aka tauye wa mudu ana iya ƙara masa hatsi. Wanda aka tauye wa daƙiƙa fa, me za a ƙara masa?

Na zaɓi in yi wannan magana a kan wasan ƙwallon kwando, domin da wuya a sami wurin da a ke auna lokaci da tsanani, a kuma yi gardama a kansa gaban dubban shaidu, kamar filin wannan wasa. Wani malami ɗan ƙasar Kanada, James Naismith, shi ya ƙago shi a garin Springfield na Amurka cikin 1891. Mutum biyar-biyar ne a kowane ɓangare, kowa na ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin kwandon da aka rataye ƙafa 10 daga ƙasa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne sha'anin agogonsa. A ƙwallon ƙafa agogo tafiya ya ke yi ba tsayawa, sai a ƙarshe alƙali ya ƙara 'yan mintoci. A ƙwallon kwando kuwa, duk lokacin da alƙali ya busa usur sai agogo ya tsaya, ba ya sake tashi sai an jefo ƙwallo ta taɓa hannun wani ɗan wasa a cikin fili. Watau akwai mutum biyu da tilas aikinsu ya dace: alƙali mai usur a fili, da mai kula da agogo a teburi gefen fili. In ɗaya ya yi gaggawa ko ɗaya ya yi nawa, sai daƙiƙa ta salwanta, ko kuwa ta ƙaru. Daƙiƙa sittin ke yin minti ɗaya, amma a ƙarshen wasa daƙiƙa ɗaya tak ta isa ta raba mai nasara da wanda aka kayar.

Ga labarin da ya fi kowane shahara a kan wannan. Cikin watan Satumba 1972 aka yi wasannin Olamfik a birnin Munik na Jamus. Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kai wasan ƙarshe na ƙwallon kwando. Tun da aka shigar da wasan cikin Olamfik a 1936 ba a taɓa kayar da Amurka ba: wasa 63 a jere, lambar zinariya bakwai. Zamanin kuwa na yaƙin cacar baka ne, ƙasashen nan biyu kowace tana kallon filin wasa kamar fagen gwada ƙarfi. 'Yan Sobiyet suka shige gaba tun farko, suka riƙe har kusan ƙarshe. Saura daƙiƙa uku, suna da maki 49, Amurka na da 48, sai wani ɗan Amurka mai suna Doug Collins ya ƙwace ƙwallo ya nufi kwando, aka banke shi ya faɗi. Hukuncin wannan laifi shi ne a ba shi jifa biyu ba mai tare shi, agogo yana tsaye. Ya tashi ya jefa duka biyun suka shiga. Amurka 50, Sobiyet 49, kuma wannan ne karo na farko da Amurka ta shige gaba a daren nan.

Daga nan rikici ya fara. Collins yana cikin jifa ta biyu sai ƙaho ya yi ƙara daga teburi, alƙalai ba su tsai da wasa ba. 'Yan Sobiyet suka jefo ƙwallo cikin fili, agogo ya tashi. Amma masu horar da su suka taso suka nufi teburi suna cewa sun nemi ɗan hutun shawara, irin wanda doka ta yarda a nema, ba a ba su ba. Babban alƙalin wasan, Renato Righetto, mutumin Barazil, da ya ga hayaniya sai ya busa usur. Agogo ya tsaya saura daƙiƙa ɗaya. Ana cikin wannan sai William Jones, Baturen Ingila, babban sakataren hukumar ƙwallon kwando ta duniya, watau FIBA, ya sauko daga mazauninsa ya ɗaga yatsa uku, ya ce a mayar da agogo daƙiƙa uku. Dokar wasa ba ta ba shi wannan iko ba, amma shi ke riƙe da wannan muƙami tun 1932, ba wanda ya iya tsaya masa.

Aka sake ba 'yan Sobiyet ƙwallo. Ashe masu teburi ba su gama daidaita agogon ba, yana nuna daƙiƙa 50, alƙali ya yi gaggawar miƙa ƙwallo. Ana jefowa sai aka busa ƙaho don a tsai da wasa. 'Yan Amurka suka ɗauka ƙahon tashi ne, suka yi ta tsalle suna rungumar juna, 'yan kallo suka cika fili. Aka kore su, aka ce a koma, daƙiƙa uku na nan. A karo na uku Ivan Edeshko ya wurga ƙwallo daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, Alexander Belov ya cafe ta tsakanin 'yan Amurka biyu, ya saka ta cikin kwando. Sobiyet 51, Amurka 50. Amurka ta ɗaukaka ƙara gaban kwamiti na mutum biyar, daga Hungari da Polan da Kyuba da Italiya da Puerto Rico. Uku suka ƙi ƙarar, biyu suka karɓa, mutane kuwa ba su kasa lura ba cewa uku daga cikin ƙasashen nan ƙawayen Sobiyet ne. 'Yan wasan Amurka su goma sha biyu suka ƙi karɓar lambar azurfa. Lambobin suna ajiye a birnin Lozan na Suwizalan, har ɗayansu, Kenny Davis, ya rubuta cikin wasiyyarsa kada magadansa su karɓi tasa.

To, jama'a, me za mu ce game da wannan? Ra'ayi biyu ne su ke fara zuwa zuciya, kowanne kuma yana da abin kamawa.

Na farko ya ce, abin da ya wuce ya wuce. Alƙali wani ɓangare ne na wasa, kamar iska ko santsin fili. Yau kuskurensa ya cuce ka, gobe ya amfane ka, in an tara sai a tashi daidai. In aka buɗe ƙofar gyara ba ta rufuwa, kowane wanda aka kayar zai nemo daƙiƙar da ya ce an ci masa tun rabin farko. Akwai gaskiya a nan, domin wasan da ba shi da ƙarshe tabbatacce ba wasa ba ne. Amma a duba abin da wannan ra'ayi ya ke nema daga gare mu. Yana so mu ga zalunci ƙuru-ƙuru, muna da halin kau da shi, mu kau da kai. Iska ba ta da hankali, ba ta iya cewa, "Na yi kuskure." Alƙali yana iyawa. Maganar a tashi daidai kuwa ta dace da wanda zai yi wasa ɗari, ba ta dace da saurayin da zai tsaya a wasan ƙarshe na Olamfik sau ɗaya a duk rayuwarsa ba.

Na biyu ya ce, gaskiya ita ce gaba da kome. In an ci wa mutane daƙiƙa biyu, a mayar musu, ko wa ya faɗa, ko yaushe aka faɗa. Wannan ra'ayi ya fi daɗin ji, shi ne kuma wanda Jones ya yi aiki da shi. Ban ce mugun nufi ya sauko da shi ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai ya gaskata an cuci 'yan Sobiyet, ya ga ba zai iya zama yana kallo ba. Amma mu bi abin da gyaransa ya haifar, mu gani ko ya kai ga gaskiyar da ya ke nema.

Da farko, hanya biyu ce kaɗai mai ma'ana a daren nan. In 'yan Sobiyet sun nemi hutu a kan lokaci masu teburi suka yi sakaci, to, bai kamata a jefo ƙwallo ba tun farko, sai a ba su hutunsu, a mayar da agogo daƙiƙa uku. In kuwa ba su nema a kan lokaci ba, su ne suka ta da hayaniyar da ta tsai da wasa, daƙiƙa biyun nan sun tafi da halal, saura ɗaya. Abin da aka yi bai bi ko ɗaya ba. Aka ce ba hutu, aka kuma ce daƙiƙa uku. An ba da magani ba a tsaya an binciki cutar ba. Wannan shi ne aibin gyaran gaggawa: mai yinsa ya kan tabbata an yi kuskure tun bai san wane kuskure aka yi ba.

Na biyu, wanda ya yi gyaran ba shi ne doka ta ɗora wa ba. Wani zai ce, "Me ya dame mu da wanda ya faɗa, in dai abin da ya faɗa daidai ne?" Ya dame mu ƙwarai. 'Yan wasa sun shiga fili ne bisa alkawari cewa mutanen nan masu usur su za su yi hukunci, ba wani ba. Wannan alkawari shi ke sa wanda aka kayar ya miƙa hannu ya gai da wanda ya kayar da shi. Ran da babba ya sauko ya ture alƙali, ko da ya faɗi gaskiya ya koya wa kowa cewa hukunci na hannun wanda ya fi girma. Gobe wani babban zai sauko da ƙarya, ba kuwa mai hana shi, tun da an riga an share masa hanya. Ga mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi: mutumin da ya yi shekara arba'in yana tsaron dokokin wasan, shi ya tsallake su a ranar da aka fi bukatarsu.

Na uku, kuma wannan ya fi zurfi, daƙiƙa ukun da aka mayar ba su ne waɗanda aka ɗauke ba. Lamba ce aka mayar a fuskar agogo. A karo na farko 'yan Sobiyet a ruɗe su ke, ba su da shiri. Kafin karo na uku sun sami sarari sun yi shawara, har sun shigo da Edeshko, gwanin dogon jifa, wanda ba ya cikin fili sa'ad da aka yi jifar farko, alhali kuwa ba a ba su hutun da zai halatta canjin ɗan wasa ba. 'Yan Amurka kuma sun riga sun yi murna, jikinsu ya saki, aka ce su komo su sake tsare abin da su ke gani sun riga sun samu. Wanda ya taɓa sauke kaya a ƙofar gida aka ce masa ya sake ɗauka ya san nauyin na biyu ya fi na farko.

Don a ga wannan sosai, ga wani misali daga Amurka. Ran 19 ga Disamba 2007 ƙungiyar Atlanta ta kara da ta Miami a babbar gasar ƙasar, watau NBA. Doka a can ita ce wanda ya yi laifi shida ya fita. Mai rubuta laifuffuka ya yi kuskure ya ce Shaquille O'Neal, babban ɗan wasan Miami, ya cika shida, alhali biyar gare shi, aka fitar da shi saura daƙiƙa 51.9. Miami ta sha kaye, ta kai ƙara, hukumar gasar ta karɓa, ta ce a sake buga ragowar lokacin. A nan ba wanda ya tsallake doka, masu ikon gyara su suka gyara, hujja kuma a rubuce ta ke. Amma ba a sami ranar sakewa ba sai 8 ga Maris 2008, kafin nan kuwa O'Neal ya koma ƙungiyar Phoenix. Aka mayar da agogo daƙiƙa 51.9 cif, aka buga ba tare da mutumin da aka yi gyaran dominsa ba, Atlanta ta sake yin nasara. An biya bashi, amma mai bashin ya riga ya bar gari.

Ashe ke nan ko gyaran da ya fi kowane tsabta ba ya mayar da abu yadda ya ke a da. Iyakar abin da ya ke yi shi ne ya rage cuta, ya kuma nuna wa wanda aka cuta cewa ba a raina hakkinsa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma tun da iyakarsa ke nan, wajibi ne a yi shi da taka-tsantsan, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Masu tsara dokokin wasan sun fahimci haka. A dokokin makarantun Amurka an yarda alƙali ya gyara agogo in mai kula da shi ya yi kuskure bayyananne, amma da sharaɗin yana da sani tabbatacce na yawan lokacin, kamar ya ga lambar da idonsa sa'ad da ya busa, ko yana cikin ƙidaya. Ƙiyasi ba ya isa. A dokokin FIBA kuma an lissafa irin kurakuran da a ke iya gyarawa, aka yanka musu wa'adi, in ya wuce bakin alƙalami ya bushe. Aka kuma ce makin da aka ci da lokacin da aka ɓatar kafin a gane kuskuren suna nan daram, domin 'yan wasa sun yi su ne da zuciya ɗaya, ba laifinsu ba ne. Sa'an nan aka kyautata kayan aiki. Daga kakar 1989 zuwa 1990 agogon NBA ya fara nuna kashi goma na daƙiƙa a mintin ƙarshe. Cikin Janairu 1990 Trent Tucker na New York ya ci Chicago da jifar da aka ce ya yi cikin kashi ɗaya daga goma na daƙiƙa, abin da hannun mutum ba ya iyawa, sai aka kafa doka cewa in lokacin da ya rage bai kai kashi uku daga goma ba, ba a cafe ƙwallo a jefa. Daga 2002 aka yarda alƙalai su duba hoton bidiyo don su ga ko jifa ta bar hannu kafin ƙaho. Akwai kuma na'urar da ke tsai da agogo da ƙarar usur kanta, ba sai an jira yatsan mai teburi ba.

Mai karatu zai lura duk waɗannan abu ɗaya su ke nema: a san tun kafin a fara wasa wa zai gyara, da wace shaida, zuwa wane lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar da aka kafa tun ba a san wanda za ta amfana ba, kowa ya kan karɓe ta. Wadda aka ƙago saura daƙiƙa uku, kowa na ganin wanda za ta ɗaga da wanda za ta kayar, ko mai adalci ne ya kawo ta sai an zarge shi.

Akwai ƙorafi ɗaya da ban so in tsallake. Wani zai ce, "Ka fifita tsari a kan gaskiya. In wa'adi ya wuce aka gano an yi zalunci, sai a bar shi ke nan?" Amsa ita ce, i, wani lokaci sakamakon wasa sai a bar shi, kuma wannan abu ne mai ɗaci, ba na ɓoye ɗacinsa. Amma barin sakamako dabam, ɓoye kuskure dabam. Alƙalin da lokacin gyara ya ƙure masa yana da sauran wajibi: ya fito ya ce, "Na yi kuskure, ga inda na yi shi." Hukuma kuma tana da nata, watau ta toshe kafar don kada a sake. Wanda aka cuta ya kan iya haƙuri da asara in an amsa masa cewa an cuce shi. Abin da ba ya iya haɗiyewa shi ne a cuce shi kuma a ce masa ba a yi kome ba. Ina tsammani abin da ya hana lambobin nan barin Lozan ya fi kusa da wannan bisa ga maki ɗayan da ya raba ƙasashen biyu.

Kada kuma mu manta da ɗaya ɓangaren. 'Yan Sobiyet sun riƙe wasan nan kusan minti arba'in, jifar Edeshko da cafewar Belov kuwa gwaninta ce wadda ba alƙalin da ya yi musu ita. Belov ya rasu a 1978 yana da shekara 26. Duk inda aka ambaci kwandon da ya ci, sai an ambaci gardamar agogo tare da shi. Gyaran da ba a yi bisa ƙa'ida ba ya hana waɗancan yarda da kayensu, ya kuma rage wa waɗannan daɗin nasararsu. Mutanen da aka sauko a taimaka ma an bar su da tabo.

Wannan magana ba ta tsaya a filin wasa ba. Malamin da ya gane ya tauye wa yaro maki bayan an kafe sakamako, da shugaban taro da ya gane ya katse mai magana kafin lokacinsa ya cika, da mai raba gado da ya tuna wani kaso bayan an watse, duk suna tsaye inda Righetto ya tsaya da usur a bakinsa. Abin da ya kamace su shi ne kowanne ya tambayi kansa, "Ni ne aka ɗora wa gyaran nan? Na san abin da ya faru tabbas, ko zato na ke? Gyaran zai rage cuta, ko zai ɗauke ta ne daga kan wani ya ɗora wa wani?" In amsoshin sun yi kyau, ya gyara nan take, kada kunya ta hana shi, domin kowane jinkiri yana ƙara wa gyaran wuya. In ba su yi kyau ba, ya kai maganar ga mai ikonta, ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Wanda kuwa ya ke zaune a sama, ya ga kamar an yi ba daidai ba, ya tuna da Jones, ya bari masu usur su yi aikinsu.